Alƙawarin Rage Hayaƙi da Iskar Gas da Ake Ƙonawa a Neja Delta

A taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka gudanar a birnin Glasgow cikin Nuwamban 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar cewa Najeriya za ta kai ga daidaiton hayaƙi nan da shekarar 2060, wato matsayin da iskar kabon da sauran iskokin da ke ɗumama duniya waɗanda ƙasar ke fitarwa ba za su zarce abin da dazuzzuka da sauran hanyoyi ke zuƙewa ba. A wannan watan ne kuma ya rattaba hannu a kan dokar sauyin yanayi, wadda ta kafa majalisar ƙasa a kan lamarin ƙarƙashin jagorancin shugaban ƙasa. Kafin nan, a Yulin shekarar, gwamnati ta sabunta alƙawarinta ƙarƙashin yarjejeniyar Paris ta 2015, inda ta ce za ta rage hayaƙi da kashi 20 cikin ɗari nan da 2030 da ƙarfin aljihunta, ko kashi 47 idan ta samu tallafin kuɗi da fasaha daga waje. A alƙawarin na 2021, ana auna wannan ragi ne da yawan hayaƙin da za a fitar a 2030 in an ci gaba da tafiya yadda aka saba, saboda haka hayaƙin na iya ƙaruwa a zahiri kuma a ce an cika alƙawari.

Sharaɗin tallafi yana da hujja mai ƙarfi. Nahiyar Afirka baki ɗaya ba ta fitar da abin da ya kai kashi 4 cikin ɗari na iskar kabon ta duniya, amma ambaliyar 2022 kaɗai ta kashe mutane fiye da 600 a Najeriya, ta raba sama da miliyan ɗaya da muhallansu. Ƙasashe masu arziki sun yi alƙawari a Copenhagen a 2009 cewa za su riƙa bai wa ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 duk shekara nan da 2020, ba su cimma adadin ba sai 2022, kuma kaso mai yawa na kuɗin bashi ne. Shirin sauya makamashi da Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya ƙaddamar a Agustan 2022 ya ƙiyasta buƙatar ƙarin kimanin dala biliyan 10 a kowace shekara.

Sai dai kashi 20 ɗin nan ba shi da sharaɗi, kuma wurin da za a fi gane ko da gaske ake shi ne rijiyoyin man Neja Delta. Idan aka haƙo ɗanyen mai, yakan fito tare da iskar gas, wadda kamfanoni suka daɗe suna cinna wa wuta a bakin dogayen bututu, domin ƙonawar ta fi araha a kan tarawa da sarrafawa. Wutar tana ci dare da rana da ƙara mai hana barci, har a wasu ƙauyuka mata sukan shanya garin rogo a kusa da ita don ya bushe da sauri, suna shaƙar hayaƙin tare da yaran da ke bayansu. Tun 1979 aka kafa dokar da ta hana wannan ƙonawa daga Janairun 1984, amma dokar ta bai wa minista ikon ɗaga wa kamfani ƙafa in ya biya tara, tarar kuwa ta yi ƙanƙanta har ta zama tamkar kuɗin haya. A 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke hukunci a ƙarar da aka shigar a madadin al'ummar Iwherekan cewa ƙona gas ya saɓa wa haƙƙin rayuwa da tsarin mulki ya tanada, amma wutar ba ta mutu ba. An sa 2008 a matsayin wa'adin daina ƙonawar, ya wuce. An sa 2020, shi ma ya wuce. Yanzu 2030 ake magana. Babu wata ƙasar waje da ta hana a aiwatar da haramcin da ya haura shekara arba'in.

Abin da ya ƙara wa lamarin ciwo shi ne cewa ana iya tace wannan iska a samu gas na girki da na samar da lantarki, a ƙasar da miliyoyin mutane ba su da wuta, yawancin gidaje kuma da itace ko gawayi suke girki. Bayan cire tallafin mai da faɗuwar darajar naira a 2023, farashin cika tukunyar gas ya fi ƙarfin ma'aikata da yawa, har gidajen da suka riga suka bar murhu suka koma sayen gawayi a leda. Manyan motocin da ke shigowa Kano da Kaduna maƙare da buhunan gawayi suna kwashe itatuwan da ake buƙata don tare kwararowar hamada, a daidai lokacin da gwamnati ke kashe kuɗi a kan dashen itatuwa a jihohi goma sha ɗaya na arewa. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka fara a 2020 domin kai gas arewa, ya sha ɗage ranar kammalawa.

Wajibi ne Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta tilasta a riƙa wallafa yawan gas da kowane kamfani ya ƙona da tarar da ya biya duk shekara, a ɗaga tarar har ta zarce kuɗin tara iskar, a kuma rufe ƙofar sake ɗage wa'adin 2030.