Rufin Asiri da Tonon Asiri a Aikin Jinya: Tarihin Kwarmato a Asibitocin Birtaniya, 1967-2015

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, watau akwai maganar da akan haɗiye a bar ta a ciki. Da wuya a sami sana'ar da wannan karin magana ya dace da ita kamar aikin jinya, domin kuwa nas yakan ga majinyaci a halin da ko 'ya'yan cikinsa ba sa ganinsa. Yakan ga tsiraicinsa, ya ji sambatunsa, ya kuma san cutar da ya ɓoye wa danginsa. Sai dai idon da ya ga sirrin majinyaci, shi ne kuma yake ganin wulaƙancin da ake yi masa a cikin asibiti. To, idan nas ya kai kuka ga na gaba da shi aka yi kunnen uwar shegu da shi, sa'an nan ya fito ya kwarmata wa duniya, shin amana ya ci ko kuwa amana ya riƙe?

A cikin wannan maƙala za mu bi tarihin wannan tambaya a ƙasar Birtaniya daga 1967 zuwa 2015. Mun zaɓi wannan ƙasa ne domin shari'o'i da binciken da aka yi a can a rubuce suke, kuma tsarin horar da ma'aikatan jinya na Nijeriya daga can aka gaje shi a zamanin mulkin mallaka. Abin da muke son nunawa shi ne, sirri iri biyu ne a asibiti. Akwai sirrin majinyaci, akwai kuma sirrin hukuma, kuma mafi yawan rigimar ta samo asali ne daga cakuɗa su da aka yi.

2.0 Tushen Amanar Nas

A shekarar 1893 wata malamar jinya mai suna Lystra Gretter ta jagoranci tsara wata rantsuwa a birnin Detroit na Amurka, aka sa mata sunan Florence Nightingale don girmamawa, ko da yake ba ita ta rubuta ta ba. Rantsuwar ta ɗora wa nas nauyi biyu da suka shafi batunmu: ya riƙe sirrin majinyaci da na iyalinsa, ya kuma taimaka wa likita cikin biyayya. A lokacin an ɗauka waɗannan nauyi biyu ba za su taɓa cin karo ba.

Ƙa'idojin farko da Majalisar Ma'aikatan Jinya ta Duniya ta fitar a 1953 sun ci gaba da jaddada bin umurnin likita. Sai a gyaran da aka yi a 1973 aka fito fili aka ce haƙƙin farko da ke wuyan nas na mutanen da ke bukatar jinya ne. Wannan canji yana da muhimmanci ƙwarai, domin daga ranar da majinyaci ya zama shi ne gaba da kowa, yin shiru a kan cutar da shi ya zama laifi, kamar yadda tona masa asiri yake laifi.

3.0 Asibitin Ely, 1967

A 1967 wata mata mai suna Barbara Robb ta fitar da littafin Sans Everything, wanda ya tattara shaidu a kan yadda ake wulaƙanta tsofaffi a wasu asibitoci. Ma'aikatan jinyar da suka ba da shaida a cikinsa da sunayen aro suka yi, wanda ya nuna irin tsoron da ake ciki. A watan Agusta na shekarar, jaridar News of the World ta buga zargin da wani mataimakin nas ya yi a kan asibitin Ely da ke birnin Cardiff, inda ake kwantar da masu taɓin hankali da masu tawayar ƙwaƙwalwa. Ya ce ana dukan majinyata, ana kuma sace abincinsu.

Gwamnati ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin lauya Geoffrey Howe, wanda ya fitar da rahotonsa a 1969. Rahoton ya gaskata mafi yawan zargin, ya kuma gano cewa ma'aikata sun riga sun fahimci kai ƙara haɗari ne ga mai kai ta, domin sun ga yadda aka raba masu ƙorafi da aikinsu. Ministan da abin ya shafa, Richard Crossman, ya dage aka buga rahoton gaba ɗayansa, sa'an nan aka kafa wata hukuma mai zagayawa tana duba irin waɗannan asibitoci. A wannan zamani makamin da aka fi amfani da shi a kan mai kwarmato shi ne tsangwama da kora. Bayan shekara ashirin sai aka sami makami mafi kaifi.

4.0 Shari'ar Graham Pink

Graham Pink babban nas ne mai aikin dare a ɗakunan kwantar da tsofaffi na asibitin Stepping Hill da ke garin Stockport, kusa da Manchester. Daga 1989 ya shiga rubuta wasiƙu ga shugabanninsa, yana kukan cewa ma'aikatan dare sun yi ƙaranci ta yadda tsofaffi kan faɗo daga gado, ko su kwana cikin ƙazanta, ko su cika babu kowa a kansu. Da bai ga canji ba, sai ya rubuta wa 'yan majalisa da ministoci har da Firayim Minista. A watan Afrilu na 1990 jaridar Guardian ta buga wasu sassa na wasiƙun nasa, sunansa ya game ƙasa.

Bayan haka ya ba wata jaridar yankin labarin halin da ya tarar da wani tsoho a ciki. Bai ambaci suna ba, amma dangin mutumin sun gane ko wane ne, suka kai ƙara. A watan Agusta na 1990 aka dakatar da shi, a watan Satumba na 1991 kuma aka kore shi, kuma babban laifin da aka kama shi da shi shi ne tona sirrin majinyaci. Ya kai ƙara kotun ma'aikata, inda a 1993 hukumar lafiya ta yankin ta janye, ta amsa cewa ba a bi ƙa'ida ba wajen korarsa, ta biya shi kimanin fam 11,000. Bai koma bakin aikinsa ba.

A nan ya kamata mu yi adalci. Ɓacin ran dangin tsohon na gaskiya ne, domin cire suna kaɗai ba ya ɓoye mutum a ƙaramin gari, inda kowa ya san wanda aka kwantar da ranar da ya cika. Amma abin lura shi ne, hukumar da ta yi watanni ba ta biya masa bukata a kan ƙarancin ma'aikata ba, ita ce ta yi hanzari da batun sirri ya taso. Ƙa'idar da aka kafa don ta rufa wa majinyaci asiri, sai ga ta ta rufa wa hukuma.

5.0 Dokar 1998

Shari'ar Pink da wasu irinta a wasu ma'aikatu sun sa aka kafa ƙungiyar Public Concern at Work a 1993 don ba masu kwarmato shawara, kuma a 1998 majalisar dokoki ta zartar da dokar kare mai fallasa don amfanin jama'a, wadda ta fara aiki a watan Yuli na 1999. Dokar ta shimfiɗa matakai. Kai ƙara ga shugabannin wurin aiki shi ya fi samun kariya cikin sauƙi, sai kai ta ga hukumomin sa ido da aka ayyana. Fita ga 'yan jarida kuwa yana da sharuɗɗa masu tsauri, kuma daga cikin abin da kotu za ta duba har da ko an keta sirrin wani. Har ila yau dokar ta soke ƙarfin duk wani sharaɗin ɗaukar aiki da ke hana ma'aikaci irin wannan fallasa.

Sai dai dokar tsakanin ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki ta tsaya. Ba ta ɗaure hannun majalisar da ke riƙe da rajistar nas-nas ba, kamar yadda za mu gani.

6.0 Margaret Haywood da Abin da ya Biyo Baya

Margaret Haywood nas ce da ta shafe fiye da shekara ashirin tana aiki. Ta ɓoye na'urar ɗaukar hoto a jikinta ta ɗauki yadda ake sakaci da tsofaffi a asibitin Royal Sussex da ke Brighton, aka nuna a shirin Panorama na talabijin ɗin BBC a watan Yuli na 2005. An nemi yardar majinyatan ko danginsu kafin a nuna, amma ba a nema ba kafin a ɗauka. A watan Afrilu na 2009 Majalisar Nas-nas da Ungozomomi ta cire sunanta daga rajista bisa laifin keta sirri, tana mai cewa akwai hanyoyin da ya kamata ta bi tukuna. Fiye da mutum 40,000 suka sa hannu a takardar goyon bayanta, kuma a watan Oktoba na shekarar aka sauya hukuncin ya koma gargaɗi na shekara ɗaya.

Wannan shari'a ta fi ta Pink wuyar warwarewa. Tsohuwar da aka ɗauki hotonta tana cikin raɗaɗi ba ta zaɓi ta zama hujja ba, kuma kyawun niyyar mai ɗauka bai mayar mata da wannan zaɓi ba. Ta ɗaya ɓangaren kuma, hoton ne ya sa hukumar asibitin ta amsa gazawarta ta nemi gafara. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Abubuwa biyu da suka biyo baya sun gwada ingancin hanyoyin da aka ce a bi. A asibitin Winterbourne View kusa da Bristol, wani babban nas mai suna Terry Bryan ya kai ƙara ga shugabanninsa da kuma hukumar sa ido, ba a ɗauki mataki ba, sai da shirin Panorama ya nuna azabtarwar a watan Mayu na 2011. An rufe wurin, an sami ma'aikata 11 da laifi, an ɗaure 6 daga cikinsu. A asibitin Stafford kuwa, wata nas mai suna Helene Donnelly ta shaida wa kwamitin bincike irin barazanar da ta fuskanta daga abokan aiki bayan ta yi ƙorafi. Rahoton Robert Francis na watan Fabrairu na 2013 ya kawo shawarwari 290, kuma a 2014 aka wajabta wa asibitocin gwamnati a Ingila su gaya wa majinyaci gaskiya idan an cutar da shi. A 2015 Francis ya sake ba da shawarar a naɗa jami'i na musamman a kowace hukumar asibiti wanda ma'aikaci zai kai wa kuka ba tare da tsoro ba.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu iya fitar da abubuwa uku. Na farko, ƙarancin ma'aikata da sakaci da duka ba sirrin majinyaci ba ne, saboda haka faɗarsu ba ta keta amanarsa. Sirrinsa shi ne sunansa da cutarsa da kamanninsa, da duk abin da zai sa a gane shi. Na biyu, karon gaske yana faruwa ne a wajen hujja, domin jama'a ba su cika motsawa ba sai sun ga mutum takamaimai, kuma da zarar an nuna mutum an taɓa sirrinsa. Na uku, a Stockport da Bristol ƙofar cikin gida nas ya fara ƙwanƙwasawa, rashin amsa ne ya fitar da shi waje.

Saboda haka muna ganin hukumar da ke son kare sirrin majinyata da gaske, aikinta na farko shi ne ta saurari ma'aikatanta tun magana tana cikin gida. Idan ta toshe kunne har nas ya shiga halin gaba kura baya sayaki, to, tana da kaso a cikin alhakin duk asirin da ya tonu. Muna kuma ba masu tsara manhajar makarantun koyon jinya shawara su riƙa koyar da wannan tarihi tare da darasin riƙon sirri, domin ɗalibi ya fita da sanin wane ne mai sirrin da aka ba shi ajiya.