Dutsen Kwatarkwashi da Tarihin Hawansa

Dutsen Kwatarkwashi, wanda ke cikin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu ta Jihar Zamfara a gefen babbar hanyar da ta tashi daga Gusau ta nufi Tsafe da Funtuwa, yana daga cikin duwatsun da masana ƙasa ke kira tsibirin dutse, wato ƙaton dutse mai tauri da ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar fili bayan ruwa da iska sun shafe shekaru aru-aru suna zaizaye ƙasa mai laushi da ke kewaye da shi. Irin wannan tsayuwa ce ta sa ake hango shi daga nesa, ita ce kuma ta sa hawansa ya zama al'amari mai tarihi, domin dalilin da ke kai mutum bisa kansa ya yi ta sauyawa daga zamani zuwa zamani.

Dalili na farko shi ne tsaro. Kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya soma a 1804, wannan yanki da ya haɗa da Tsafe da tsohon garin malamai na 'Yandoto yana ƙarƙashin ikon Katsina, abin da har yau ake ganin alamarsa a sarautar Sarkin Katsinan Gusau. A zamanin da ƙarfin yaƙi ya dogara ga doki, dutse mai santsi da tsayi ya fi ganuwa amfani, saboda barde ba ya hawansa da dokinsa, mai tsaye a sama kuma yana ganin ƙurar mahara tun suna nesa, ya sanar da mutanen da ke gona su tattara iyali da dabbobi su fake a cikin koguna da tsagogin dutsen.

Dalili na biyu shi ne ibadar gargajiya. Ƙasar Kwatarkwashi ta shahara a matsayin cibiyar Maguzawa, wato Hausawan da suka ci gaba da riƙe addinin kakanni, kuma sunanta ya haɗu da na Magiro, dodon tsafi da ake jin tsoronsa a ƙasar Katsina da Zamfara. A cikin wannan tsari ne aka riƙa gudanar da bikin kamun maiki, inda samari kan hau ɓangarorin dutsen masu haɗari don kamo wannan tsuntsu da ransa, aikin da ke auna jarumtar saurayi tare da cika wani sharaɗi na al'ada, har zuwa lokacin da yaɗuwar Musulunci ta raunana bikin.

Maiki, wanda ake kuma kira mikiya, babban tsuntsu ne dangin ungulu da masana tsuntsaye suka raɗa wa sunan Bajamushen mai bincike Eduard Rüppell, kuma yawanci yana sheƙa ne a kan gaɓar dutse mai tsayi inda mahaya ba sa kaiwa cikin sauƙi, shi ya sa littattafan tsuntsayen Nijeriya suka ambaci Kwatarkwashi a cikin wuraren da yake hayayyafa. Irin wannan tsuntsu ne ya yi karo da wani jirgin sama a sararin Abijan a 1973 a nisan kimanin mita 11,300 daga ƙasa, amma duk da wannan ƙarfi, a 2015 an sanya shi cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa, sakamakon guba da farautar sassan jikinsa don haɗa magani.

A kowane zamani, yanayi ne ke yanke wa mai hawa lokacinsa. Ƙasar tana kudu da Sahel, wato gaɓar hamadar Sahara, don haka a bazara, tsakanin Maris da Mayu, zafi kan haura maki 40, dutsen kuma ya ɗauki rana har tafin ƙafa ya kasa jure masa, abin da ya sa wanda ya san wurin yake sammako ya sauko kafin rana ta take. Da damina ruwa kan sa fuskarsa santsi, da hunturu kuwa hawan ya fi sauƙi, sai dai hazon da iska ke kwasowa daga hamada yakan rufe gonaki da ƙauyukan da ake hangowa daga sama.

Bayan da zaman lafiya da layin dogo da ya iso Gusau suka janye harkokin jama'a zuwa fili da bakin hanya, dutsen ya rasa aikinsa na mafaka, sannan bayan ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 aka riƙa lissafa shi cikin wuraren yawon buɗe ido, inda ɗalibai da baƙi suka riƙa hawa su sauko a yini guda. Wannan sabon dalili shi ne mafi rauni a cikin ukun, domin hawan nishaɗi ba ya yiwuwa sai hanya ta yi lafiya, kuma matsalar 'yan bindiga da ta addabi Tsafe da Bunguɗu a shekarun nan ta sa dutsen da aka taɓa gudu zuwa gare shi saboda tsoro ya zama wurin da tsoro ke hana baƙo zuwa.