Unconquered: Fim ɗin Tarihin Masassaƙi Allan Houser

Unconquered: Allan Houser and the Legacy of One Apache Family fim ne na tarihi da ya fito a 2008 kan Allan Houser (1914–1994), masassaƙi ɗan ƙabilar Chiricahua Apache ta Amurka. Bryan Beasley ne ya ba da umarni, jarumi Val Kilmer kuma shi ya karanta labarin. Fitowarsa ta zo daidai da wani baje koli mai wannan suna da Cibiyar Tarihi ta Oklahoma ta buɗe a birnin Oklahoma a shekarar.

Labarin gida guda fim ɗin ya ɗauko, kuma tushensa na can kafin haihuwar Houser. Bayan Geronimo, jagoran yaƙin Apache, ya miƙa wuya a 1886, sojojin Amurka suka kwashe 'yan Chiricahua, maza da mata da yara, suka tsare su a matsayin fursunonin yaƙi har shekara 27: daga Florida zuwa Alabama, daga nan zuwa sansanin Fort Sill a Oklahoma. Mahaifin Houser, Sam Haozous, ɗan uwan Geronimo ne, kuma yana cikin waɗanda aka tsare. Allan shi ne na farko a gidansu da aka haifa cikin 'yanci.

A 1934 ya shiga makarantar 'yan asalin ƙasa da ke Santa Fe, inda ya koyi zane a hannun Dorothy Dunn. Sassaƙa kuwa kusan da kansa ya koya. Aikinsa na farko babba, Comrade in Mourning, ya sara shi ne daga dutsen marmara a 1948 don tunawa da ɗaliban makarantar Haskell ta Kansas da suka mutu a Yaƙin Duniya na Biyu: mutum a tsaye, lulluɓe da mayafi, ba ado ba ƙawa. Ya koyar a Utah daga 1951, sannan a cibiyar fasaha ta IAIA a Santa Fe daga 1962 zuwa 1975. Sai da ya ajiye alli ya samu sukunin aikin tagulla da dutse yadda ransa ke so, kuma mafi yawan abin da aka san shi da shi yau daga wannan zamanin ya fito. A 1992 Shugaba George H. W. Bush ya ba shi lambar yabo ta ƙasa kan fasaha.

Fim ɗin ya bi zuriyar har zuwa 'ya'yansa, Phillip da Bob Haozous, waɗanda su ma masassaƙa ne, kuma suka riƙe sunan gidansu na asali. Wannan, a ganin mai rubutu, shi ne ƙarfinsa, domin ya sa kaka da uba da 'ya'ya a labari guda.

Wannan fim ba shi ne na farko kan Houser ba. Tun 1976 tashar KAET ta Arizona ta yi shiri kan Houser cikin jerin American Indian Artists, lokacin yana raye yana aiki. A 2009 kuma jihar Oklahoma ta sa hoton aikinsa Sacred Rain Arrow, wani maharbi a durƙushe ya saita kibiya sama, a lambar motocinta, kafin daga baya ta sauya shi.