Nell, Matar Da Ta Tashi A Daji, Da Tsohuwar Tambayar Sarakuna

A ƙarshen shekarar 1994 aka saki wani fim a Amurka mai suna Nell, wanda Michael Apted, ɗan ƙasar Ingila, ya ba da umarni, Jodie Foster kuma ta fito a matsayin jarumar. An ɗauko labarin ne daga wani wasan kwaikwayo na dandamali mai suna Idioglossia da Mark Handley ya rubuta. A cikin duwatsun jihar Karolina ta Arewa, wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai a wata bukkar katako a bakin tafki ta rasu. Da aka kira likitan garin, Jerry Lovell (Liam Neeson ne ya hau wannan matsayi), sai ya tarar ashe tsohuwar ta bar 'ya, mace baliga, wadda babu wanda ya san da zamanta a duniya. Ba ta taɓa shiga gari ba, tana tsoron fita da rana, kuma tana magana da wani harshe da ba wanda ke ganewa.

Daga nan rigima ta tashi. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Paula Olsen, wadda Natasha Richardson ta fito a madadinta, ta nemi a kai Nell asibiti a yi nazarinta. Likitan ya ce a bar ta a inda ta saba. Alƙali ya ba su wata uku su zauna kusa da ita, su lura da rayuwarta, sannan ya yanke hukunci. Fim ɗin ya kai Jodie Foster ga shiga jerin masu neman kyautar Oscar, kuma da yawa daga cikinmu da suka kalle shi a kaset ko a tashoshin tauraron ɗan Adam sun ɗauke shi labarin tausayi kawai. Amma tambayar da ke ƙarƙashinsa ta girme shi da fiye da shekara dubu biyu: idan aka raba mutum da mutane tun yana jariri, me zai rage a tare da shi, kuma da wane harshe zai yi magana? Tarihin wannan tambaya ya cancanci a bi shi, domin kusan duk lokacin da aka yi ta, akwai wani yaro da ya biya kuɗin amsar.

Labari mafi tsufa da ya iso gare mu daga Masar ya fito. Herodotus, marubucin tarihi na Girka, ya ruwaito cewa Fir'auna Psamtik na ɗaya, wanda ya yi mulki a ƙarni na bakwai kafin haihuwar Annabi Isa, ya so ya san al'ummar da ta fi kowace daɗewa. Sai ya ba wani makiyayi jarirai biyu, ya ce a riƙa shayar da su nonon awaki, kada kowa ya furta kalma ko ɗaya a gabansu. Bayan shekara biyu, wai yaran suka miƙa hannu suna cewa "bekos", wadda aka ce tana nufin gurasa a harshen mutanen Firijiya. Fir'auna ya sallama cewa su ne na farko. Masu sharhi na baya sun lura cewa yaran da ba su ji komai ba sai kukan awaki, ba abin mamaki ba ne su fitar da sauti irin wannan.

A ƙarni na 13, wani malamin coci mai suna Salimbene, wanda ba masoyin sarkin ba ne, ya rubuta cewa Sarki Frederick na biyu, mai mulkin Sisili da daular Rum ta Jamusawa, ya maimaita gwajin. An umurci masu reno su ciyar da jariran, su yi musu wanka, amma ban da magana, ban da wasa. A ruwayarsa, ba a sami amsa ba, domin jariran duk sun mutu. A ƙarni na 16 kuma, Sarki Akbar na daular Mughal a Indiya ya sa aka killace wasu jarirai a wani gida da masu reno da aka hana magana. Shi Akbar yana da'awar cewa magana daga ji take samuwa. Marubucin fadarsa, Abul Fazl, ya ce da aka je duba su bayan wasu shekaru, ba a ji komai daga bakinsu ba sai irin sautin bebaye. Sarki ya ci gardamarsa. Babu wanda ya rubuta mana yadda rayuwar waɗannan yara ta ƙare.

Malamai ma sun yi wannan tambaya, sai dai su da alƙalami suka yi gwajinsu. Ibn Ɗufail, likita kuma masanin falsafa na Andalus wanda ya rasu a Marrakesh a 1185, ya rubuta ƙissar Hayyu bin Yaƙzan, yaron da barewa ta rena a wani tsibiri da babu mutum. Hayyu ya yi ta lura da dabbobi da taurari har hankalinsa ya kai shi ga sanin Mahalicci. Duk da haka, ko a wannan ƙissa da ta ɗaukaka hankali matuƙa, Hayyu bai iya magana ba sai da wani baƙo mai suna Absal ya sauka a tsibirin ya koya masa sunayen abubuwa ɗaya bayan ɗaya. An fassara littafin zuwa Latin a Oxford a 1671, zuwa Turanci kuma a 1708, ya shiga hannun masanan Turai a daidai lokacin da suke muhawara kan ko ana haihuwar mutum da ilimi a cikinsa. Daga baya Rousseau ya yaɗa ra'ayin cewa mutum a asalinsa nagari ne, zaman gari ne ke ɓata shi. Wannan ra'ayi ne ya sa Turawa suka ƙagara su ga mutumin daji da idonsu.

Sun same shi a watan Janairu na 1800, lokacin da wani yaro ɗan kimanin shekara 12 ya fito daga dazukan yankin Aveyron a kudancin Faransa, tsirara, jikinsa duk tabo, ba ya magana. Aka kai shi Paris, mutane suka yi tururuwa zuwa kallo. Da suka ga ba ya faɗin wata hikima, sai cizo da jijjiga jiki, suka watse. Babban likitan masu taɓin hankali na lokacin, Philippe Pinel, ya ce yaron gaula ne tun haihuwa, ba magani. Wani matashin likita a makarantar kurame, Jean Itard, ya ƙi yarda. Ya raɗa masa suna Victor, ya shafe kusan shekara biyar yana koyar da shi. Victor ya koyi sa tufafi, ya koyi jera haruffa ya rubuta kalmar madara da Faransanci, ya koyi nuna ƙauna da jin zafin zalunci, amma bakinsa bai buɗe ba sai da 'yan kalmomi ƙalilan. A 1806 Itard ya rubuta rahotonsa na ƙarshe ya koma wasu ayyuka. Dabarunsa sun zama tushen koyar da yara masu buƙata ta musamman, har Maria Montessori ta amfana da su. Shi kuwa Victor, wata mata da ake kira Madam Guérin ce ta ci gaba da riƙonsa har ya rasu a 1828.

A wannan shekara ta 1828 wani saurayi, Kaspar Hauser, ya bayyana a birnin Nuremberg na Jamus, ya ce a ɗaki mai duhu aka tsare shi tun yana ƙarami. Shi ma ya zama abin kallo, ya yi ta sauya hannun masu riƙo, wasu na cewa ɗan sarauta ne, wasu na cewa maƙaryaci ne, har ya mutu da raunin wuƙa a 1833.

Labarin da ya fi kusa da fim ɗin Nell a lokaci, kuma ya fi ciwo, shi ne na yarinyar da masana suka laƙaba wa suna Genie domin ɓoye sunanta na gaskiya. A watan Nuwamba na 1970 aka gano ta a yankin Los Anjeles tana da shekara 13. Mahaifinta ya kulle ta a ɗaki tun ba ta cika shekara biyu ba, yawancin lokaci a ɗaure, yana dukanta idan ta yi ƙara. Shekara uku kafin nan, Eric Lenneberg ya fitar da ra'ayin cewa akwai wa'adin koyon harshe, idan yaro ya balaga bai koya ba to ƙofar ta rufe. Bahaushe ya riga ya faɗi irinsa da ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ga masana, Genie ita ce gwajin da doka da imani suka hana a shirya, sai ga shi ya zo da kansa. A wannan shekarar ce kuma fim ɗin François Truffaut kan Victor ya fito, har masu binciken suka zauna suka kalle shi tare.

Gwamnati ta ba da kuɗin bincike. Genie ta koyi kalmomi masu yawa, tana iya nuna abin da take so da zane da ishara, amma ba ta taɓa mallakar nahawu yadda za ta gina cikakkiyar jimla ba, kamar yadda masaniyar harshe Susan Curtiss ta bayyana a littafinta na 1977. A 1974 aka yanke kuɗin. A shekarar da ta biyo baya ta bar gidan masanin da ya riƙe ta shekara huɗu, ta fara yawo tsakanin gidajen riƙo, inda a wasu aka wulaƙanta ta har ta koma shiru. Mahaifiyarta ta kai masu binciken ƙara kotu, tana zarginsu da wahalar da yarinyar da gwaje-gwaje. Littafin Russ Rymer kan wannan lamari ya fito a 1993, shekara guda kafin Nell.

Idan muka ɗora fim ɗin a kan wannan tarihi, za mu ga ya karɓi darasi ɗaya, ya kauce wa ɗaya. Wanda ya karɓa shi ne cewa babu harshen da ke tsirowa daga kaɗaici. Likitan da abokiyar aikinsa sun gano cewa maganar Nell Turanci ce da ta lanƙwashe. Mahaifiyarta ta yi fama da shanyewar ɓarin jiki da ta karkatar mata da baki, kuma tana karanta mata Littafi Mai Tsarki da wannan bakin, sai 'yar ta koyi kalmomin yadda ta ji su. Sauran kalmomin kuma ita da 'yar'uwarta tagwai, wadda ta mutu suna ƙanana, suka ƙirƙira tsakaninsu, abin da aka san wasu tagwaye na yi. Ke nan harshen da aka zata na daji ne, gadon mutum biyu ne da suka so ta. Duk kalmar da ta furta tana ɗauke da muryar uwa ko ta 'yar'uwa. Wannan shi ne abin da ya bambanta ta da Victor da Genie: an ɓoye ta daga jama'a, amma an yi mata magana, an rungume ta.

Wanda ya kauce wa kuwa shi ne ƙarshen labari. Nell kyakkyawa ce, lafiyayya, tana iyo a tafki cikin farin wata, kuma filin da take zaune gadonta ne. A ranar shari'a ta miƙe ta yi jawabi da harshenta, likitan yana fassarawa, ta nuna wa mutanen gari cewa sun san manyan abubuwa amma ba sa duban idon juna. Ta koma bukkarta, bayan shekara biyar ga ta nan cikin abokai ana bikin ranar haihuwarta. A nan fim ɗin ya koma mafarkin Rousseau, na mutumin daji mai tsarkin zuciya da zai zo ya yi wa birni wa'azi. Masu suka sun faɗi haka tun lokacin, kuma suna da hujja. A tarihi babu ko ɗaya daga cikin waɗannan yara da ya tsaya gaban alƙali ya faɗi abin da yake so. Wasu ne kullum suke magana a madadinsu, kuma sau da yawa masu maganar suna da littafin da za su rubuta ko gardamar da za su ci.

Duk da haka ba za mu ce fim ɗin aikin banza ya yi ba. Ya ɗauki tambayar Fir'auna ya juya ta. Maimakon a tambayi abin da za a koya daga wannan mata, ya sa mai kallo ya tambayi wa ke da ikon yanke mata hukunci, kuma wa zai saura tare da ita idan masu kyamara da masu rubutu sun tafi. Wannan tambaya ta shafe mu kai tsaye. A 2020 an yi ta samun rahotannin yara da manya da danginsu suka kulle shekara da shekaru a Kano da Kebbi, har da yaron da aka tarar a turken dabbobi. Hotunansu sun zagaya wayoyinmu, muka yi tir, muka yi addu'a, bayan 'yan makonni muka koma wani zance, kamar yadda mutanen Paris suka yi a 1800.

Littattafan tarihi sun cika da sunayen Psamtik da Akbar da Itard, waɗanda suka yi tambaya. Madam Guérin ba ta rubuta rahoto ba, ba ta kafa wata makarantar tunani ba. Ta dafa wa Victor abinci, ta wanke masa tufafi, ta zauna da shi fiye da shekara ashirin bayan masana sun gama da shi. A cikin duk mutanen da suka ratsa wannan dogon tarihi, ita ce ta yi abin da yaron yake buƙata.