TARIHIN HANYOYIN KEKE A ƘASARMU

A taronmu na bayan girbi an ta da maganar hanyar nan da ta ratsa gonaki zuwa kasuwa, wadda ke ƙara tsukewa kowace damina. Wasu sun ce a ƙyale ta tun da akwai kwalta, wasu sun ce ba ta ƙyaluwa. Shi ya sa muka zauna da dattawa, muka haɗa abin da suka gani da abin da ke rubuce, muka kawo muku a wannan takarda. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

YADDA ƘASAR TAKE

Daga Gidan Rumji har Gazawa ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ba dutse, ba hawa mai sa mutum haki. Gulabe biyu ne suka ratsa ta. Gulbin Maraɗi ya shigo daga Najeriya, ya bi ta Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji. Gulbin Kaba kuma, mai yawan goriba, ya bi ta wajen Gazawa ya nufi Mayahi. Tsakaninsu sai jigawa, gonakin hatsi da dawa da wake da gyaɗa. Mai keke ya san ƙasar nan kashi uku ce: fako, inda keke ke gudu kamar a kan tabarma, rairayi, inda dole ka sauka ka tura, da fadama, wadda da damina laka ke kama taya.

KAFIN ZUWAN NASARA

Kakanninmu da ƙafa da jaki da raƙumi suke tafiya, doki kuwa na sarauta ne da yaƙi. Bayan jihadi, Katsinawan da suka bar birninsu sun zauna Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Zamanin hare-hare ne. Mutane sun taru a garuruwa masu kariya kusa da gulbi, ba mai kuskuren nisa da gida shi kaɗai. Hanyoyi kaɗan ne, kuma a ayari ake bin su. A 1899 rundunar Bule da Shanuwan ta Faransa ta ratsa ƙasar nan tana ƙone garuruwa, har jagororin biyu suka gamu da ajalinsu a wajen Maijirgi kusa da Tasawa.

Da yaƙe-yaƙe suka lafa, sai manoma suka bazu cikin daji suna sassabe. Mutum ya haƙa rijiya, ya kafa bukka, gobe ƙaninsa ya biyo shi. Shi ya sa ƙauyukanmu da yawa suke da sunan Gidan wane ko Ɗan wane. Kowane sabon ƙauye yana da sawu zuwa garin da ya fito, da sawu zuwa rijiya, da sawu zuwa kasuwa. Waɗannan sawaye su ne hanyoyin da muke bi da keke yau. Ba hukuma ce ta zana su ba. Ƙafar iyayenmu ce da kofaton jakunansu.

HANYAR KOMANDA

Babbar hanya kuwa tarihinta daban. A 1922 Nijar ta zama ƙasar mulkin mallaka sosai, a 1926 aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai. Motar komanda tana bukatar hanya tsakanin biranen nan biyu, kuma ta ƙasarmu hanyar ta bi. Da aikin tilas aka yi ta. Maigari ya ba da mutane, gardi ya tasa su gaba, su sare itace, su ɗauko burji a ka, ba lada. Dattawanmu sun ji daga iyayensu yadda wasu suka riƙa gudu zuwa ƙasar Katsina don tsira da aikin da kuma lanho. Sai a watan Afrilu na 1946 majalisar Faransa ta soke aikin tilas, da dokar da ake kira da sunan Ufuwet Bwanyi na Kwaddibuwa. Wannan hanya ita ce ta zama hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda aka zuba wa kwalta daga baya. Ta fito daga Madawa, ta bi Gidan Rumji, Tsibiri, Maraɗi, Caduwa, Agiye, Gazawa, Tasawa, har Damagaram.

GYAƊA TA KAWO KEKE

Keke irin wanda muka sani, mai ƙafafu biyu daidai da sarƙa, a Ingila aka ƙera shi a 1885, tayar da ake hura wa iska kuma ta biyo baya a 1888. Amma kafin ya zo hannun talaka a nan sai da gyaɗa ta yi kuɗi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya iso Ƙauran Namoda a 1929. Gyaɗarmu ta kudu take fita, kaya kuma ta kudu suke shigowa: atamfa, fitila, kwano, da keke. Raleigh na Ingila shi ne ya yi suna, har ya zama abin kwatance. Akwai kuma Peugeot na Faransa a kantunan Maraɗi. Daga baya na Sin irin su Phoenix da na Indiya suka shigo da sauƙin kuɗi.

Da fari keke na malamin makaranta ne da akawu da ɗan sarki. Bayan mulkin kai a 1960, da kafa SONARA da UNCC a 1962, kasuwannin gyaɗa suka yi ƙarfi. Manomin da ya sami kaka mai kyau, abu uku ke ransa: aure, rediyo, keke. Dattawa sun ce saurayi kan naɗe ƙarfen da roba mai launi, ya ɗaura madubi biyu, ya goge shi da tsumma kafin ya wanke fuskarsa. Akwai masu ba da haya, yara su biya su koya a filin kasuwa.

Abin da keke ya canza ba kaɗan ba ne. Tafiyar da ke cin wuni da ƙafa ta koma ta hantsi. Ɗan koli ya iya cin kasuwa uku ko huɗu a mako. Saƙon rasuwa ya isa dangi kafin a kai gawa. Mai sayar da kananzir da mai goro da mai kaji duk suka ɗaura kaya a bayan keke. Sana'ar faci ta samu, har ba kasuwar da ba ka ganin mutum a gindin bedi da famfo da sholisho da kwanon ruwa, domin tsidau da ƙayar aduwa ba su san taya sabuwa ba.

Kuma mai keke bai cika son babbar hanya ba. Can akwai manyan motoci da ƙura. Hanyar gona ta fi kusa, ta fi shiru, ba ka jin komai sai ƙarar sarƙa da kukan kurciya, kuma ko'ina ka tsaya akwai mai ba ka ruwa.

SHEKARUN FARI

Farin 1968 zuwa 1974 ya karya manoma, cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa sauran. Aka shiga 1984 da yunwar da muke kira El Buhari, domin a shekarar ce Najeriya ta rufe iyaka, ba a buɗe ba sai 1986. Mutane da yawa sun sayar da keke sun sayi hatsi. Itatuwa suka ƙare a gonaki, iska ta riƙa kwaso rairayi tana binne hanya, mai keke ya koma mai turi.

Abin da ya gyara lamarin daga gona ya fito. Tun daga 1983 wani baƙo ɗan Ostareliya, Toni Rinaudo, tare da manoman jihar Maraɗi, suka yaɗa dabarar barin tohon kututture a gyara shi ya girma, wadda muke kira sassaben zamani. Ƙauyen Ɗan Saga a ƙasar Agiye ya yi suna a kanta har baƙi na zuwa gani. Gawo da kalgo da sabara suka dawo, suka rage ƙarfin iska, hanya ta sami inuwa.

INDA MUKE

Jama'a ta ƙaru, gona ta yi kaɗan. Gazawa da ke ƙarƙashin Agiye ta zama gunduma mai kanta a 2011. Babur ya shigo, samari suna ganin keke na tsofaffi ne. Amma da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, kwalbar ƴan ruwa-ruwa ta yi tsada, mun ga kekunan da suka shekara a rataye an sauko da su. Keke ba ya shan mai. Ƴaƴanmu da ke zuwa kwaleji a garin da ke nesa, maza da mata, da shi suke zuwa. Idan hanyar gona ta toshe, kan kwalta za su hau, tsakanin manyan motoci.

Wa ke toshe ta? Mu ne. Kowa ya ƙara kunya ɗaya bana, maƙwabcinsa ya ƙara ɗaya baɗi, har amalanke ta kasa wucewa. Haka ake cin burtali, kuma mun san inda cin burtali ke kaiwa. A watan Oktoba na 1991, a Toda cikin ƙasar Gidan Rumji, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100. Allah kada ya maimaita mana. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin kula da filaye don a shata hanyoyi da burtali tun kafin a kai ga faɗa.

Don haka ga abin da ƙungiya take roƙo. Kafin shuka, maigari da dattawa da kwamitin filaye su bi hanyar da ƙafa, su nuna iyakarta ta asali a gaban kowa. Masu gonakin gefe su bar faɗin da amalanke da keke za su gitta juna. A bar itatuwan bakin hanya su zama shaida. Wanda ya yi shinge kada ya zubar da ƙaya a kan hanya. Samari kuma su ba da yini ɗaya na gayya a zuba burji inda rairayi ya fi yawa.

Iyayenmu sun yi hanyar komanda da bulala a bayansu. Wannan tamu ce, ba mai tilasta mu, kunya ce ta lalace a hannunmu. Wanda ke da wani labari na keken farko da ya shigo ƙauyensu ya kawo wa magatakarda, za mu buga a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai matafiya gida lafiya. Amin.

Kwamitin Ƙungiya