Kwamfuta ashirin da biyu, kowacce da yarenta

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya bari sai dare.

Bayan lakca ina taimakawa a wata 'yar cibiyar koyon kwamfuta a unguwarmu Ajilari, inda yara ke zuwa gwajin jarabawar CBT. Kwamfuta ashirin da biyu ne, duk na hannu, an saye su lokuta daban-daban. Wasu Windows ke kansu, wasu Ubuntu, sai wata babba a lungu wadda sauran ke ɗaukar tambayoyi daga gare ta, ita kuma CentOS ce. Wanda ya haɗa su ya samu aiki ya bar gari, abin da ya bar mana littafi ne mai fallaye sittin, ya rubuta matakan da ake bi a saita kowace. Ran da babbar ta ƙi tashi na zauna da littafin nan har bayan isha'i. Rabin umarnin da ke ciki ba ya aiki a kan Ubuntu, sauran rabin kuma shi kansa ya canza su daga baya bai rubuta ba. Yara sun biya kuɗi, saura mako uku jarabawa. A daren na fara bin tarihin wannan matsala, sai na tarar ta girme ni.

An fara Unix a Bell Labs a Amurka a 1969. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 kowane kamfani ya yi nasa: Sun da SunOS, IBM da AIX, HP da HP-UX, Silicon Graphics da IRIX, DEC da Ultrix. Duk Unix ake kiransu, amma sun zama kamar 'yan uwan da aka raba goyonsu. Fayil ɗin da ke lissafa faifan ajiya a wani sunansa /etc/fstab, a Solaris /etc/vfstab, a AIX /etc/filesystems. Ko umarnin duba abin da ke gudana a cikin inji, 'yan gidan Berkeley da 'yan gidan AT&T ba iri ɗaya suke rubuta shi ba. An fitar da ma'aunin POSIX a 1988 don a daidaita su, ya taimaki masu rubuta manhaja, amma mai kula da injinan bai rage masa wahala sosai ba. Abin da yake yi shi ne ya rubuta dogon jerin umarni cike da "in SunOS ce yi kaza, in AIX ce yi kaza". Littafin mutuminmu ke nan, sai dai nasu a cikin kwamfuta yake.

A 1993 wani Bature ɗan Ingila, Mark Burgess, masanin fiziks ne da ke bincike a Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway, kula da kwamfutocin sashensu ya faɗo kansa. (Duk wanda ya taɓa zama "mai iya kwamfuta" a sashensu ya san yadda wannan aiki ke faɗo wa mutum ba tare da an tambaye shi ba.) Ya rubuta wata manhaja, CFEngine. A cikinta ba ka jera matakai. Kana bayyana halin da kake so injin ya kasance ne: fayil kaza ya zama yana nan, izininsa kaza, aiki kaza yana gudana. Manhajar ta gano wane irin Unix take kai, ta duba, in abin ya yi daidai ta ƙyale shi, in ya kauce ta mayar da shi. A 1998 ya gabatar da takarda yana kwatanta wannan da garkuwar jikin ɗan Adam, wadda kullum take sintiri tana gyara.

A nan nake so mu ɗan tsaya, don wannan bambanci shi ne tushen komai. Ka ce wa ƙanwarka "ƙara gishiri cokali ɗaya a miya". In ka faɗa sau uku, ta bi sau uku, miya ta lalace. Amma in ka ce "ki tabbatar gishiri ya ji", ko sau goma ka faɗa, za ta ɗanɗana ta ga ya ji, ta rufe tukunya. Umarni na farko sai ka san halin da miyar take ciki kafin ka ba da shi. Na biyu ba ruwansa, duk inda ya tarar da ita wuri ɗaya zai kai ta.

Mu 'yan Maiduguri ba sai an yi mana dogon bayani kan amfanin wannan ba. A Janairun 2021 aka fasa turakun layin wutar da ke zuwa daga Damaturu, aka gyara a Maris, bayan 'yan kwanaki aka sake fasawa, gari ya daɗe a duhu. Har yau janareto da sola muke lallaɓawa. Kana tsakiyar saita inji, mataki na sha huɗu cikin talatin, mai ya ƙare. In jerin matakai kake bi, sai ka zauna kana tunanin wanne ya kammala, wanne ya tsaya a rabi, wanne zai ɓata abu in an maimaita shi. In bayanin hali ka rubuta, wuta na dawowa ka sake sakin manhajar, ta tsallake abin da ya yi, ta ƙarasa saura.

Wanda ya ɗauki tunanin ya kai shi inda ya fi burge ni shi ne Luke Kanies. Kemistiri ya karanta a Reed College a Portland, ya yi shekaru yana kula da injina, ya yi aiki da CFEngine sosai har ya ga inda ta gaza masa. A 2005 ya fito da Puppet, da yaren Ruby ya rubuta ta. Abin da ya yi shi ne ya raba kowane abu gida biyu. Gida na farko nau'in abin: mai amfani da inji, fayil, ƙunshin manhaja da ake girkawa, hidimar da ke gudana a bayan fage. Kowane nau'i yana da siffofinsa da ba su canzawa ko'ina. Mai amfani yana da suna, da lamba, da rukunin da yake ciki. Hidima ko tana gudana ko ta tsaya, ko za ta tashi da injin ko ba za ta tashi ba. Gida na biyu masu aiwatarwa, wato 'yan guntayen manhaja da kowanne ya san yadda ake yin abin a babbar manhaja guda. Ka rubuta cewa ƙunshi kaza ya kasance a girke. A Debian da Ubuntu mai aiwatarwa ya kira apt, a Red Hat da CentOS ya kira yum. Ka ce a samar da mai amfani mai suna ɗalibi, a Linux a kira useradd, a FreeBSD a kira pw, a Windows a bi ta hanyarta. Kafin a fara, wata 'yar manhaja mai suna Facter ta tattaro bayanan injin, wace babbar manhaja ce, wane zubi, don a san wa za a tura. Kuma in ba ka canza ba, kowane minti talatin injin zai sake duba kansa.

Kamar taron sulhu ne a unguwa da aka tara Kanuri da Shuwa da Babur da Bahaushe. Mai unguwa sau ɗaya zai faɗi hukunci, kowane tafinta ya isar wa nasa. In gobe Marghi ya tare a unguwar, ba hukuncin za a sake ba, tafinta ɗaya za a ƙaro.

An gwada ƙarfin wannan rabo a zahiri. Ubuntu ta bar tsohuwar hanyar tayar da hidimomi ta koma Upstart a 2006, sannan ta bar Upstart ta koma systemd a 2015. Red Hat ta koma systemd a zubinta na 7 a 2014. Duk wanda ya cika rubutunsa da umarnin tsohuwar hanya sai da ya bi layi-layi yana gyara. Wanda ya rubuta "hidima kaza ta kasance tana gudana" yawanci bai taɓa wannan layin ba, mai aiwatarwa ne aka sauya a ƙarƙashinsa.

Bayan Puppet sai aka yi ta fitowa. Adam Jacob da Chef a 2009, ta riƙe rabon nau'i da mai aiwatarwa amma tana bin abubuwa a jere yadda ka rubuta su. Thomas Hatch da Salt a 2011. Michael DeHaan da Ansible a 2012, wadda ba ta buƙatar a girka wakili a kowane inji, ta SSH take shiga. Daga baya duk an saye su: Red Hat ta sayi Ansible a 2015, Progress ta sayi Chef a 2020, VMware ta sayi Salt a shekarar, Perforce ta sayi Puppet a 2022. Wannan ɓangaren na kasuwa bai dame ni ba. Abin da ya ja hankalina shi ne Ansible da farko ba ta yarda da ɓoye bambancin gaba ɗaya ba. Apt da nata sashe, yum da nata, kai za ka zaɓa. Sai a zubi na 2.0, farkon 2016, ta kawo na gama-gari. Kuma duk da haka ta samu karɓuwa ƙwarai.

Na gane dalili da na zauna yin aikin da hannuna. Tafinta yana fassara aikatau, amma ba ya fassara suna. Manhajar Apache da ke raba wa yaranmu tambayoyi, a CentOS sunanta httpd, a Ubuntu apache2. Fayilolin saitinta a can suna /etc/httpd, a nan /etc/apache2, kuma ba tsari ɗaya aka jera su ba. Mai amfanin da take gudana da sunansa a can apache, a nan www-data. Puppet za ta kira apt ko yum daidai, amma in ka ba ta sunan da babu shi a wannan gida, hannu rabbana za ta dawo. Dole ka ware wuri ka rubuta: in gidan Debian ne suna kaza, in gidan Red Hat ne suna kaza. Wato "in kaza ce yi kaza" ɗin nan na 1990 bai mutu ba. An dai kore shi daga ko'ina an tara shi a lungu ɗaya. A ganina wannan ma babban ci gaba ne, don nawa bai kai layi ashirin ba, littafin mutuminmu kuwa kowane shafi da nasa. Amma wanda ya ce maka ka koyi Puppet ko Ansible ba sai ka san Linux ba, yaudararka yake. Ran da abu ya ƙi, saƙon kuskuren da yaren apt zai zo maka.

Windows kuma nata daban. Puppet tana aiki a kanta, amma izinin fayil a Windows ba irin na Unix ba ne, siffofin da nau'in fayil ya sani ba su ɗauke shi duka. Girka manhaja kuma sau da yawa akan jingina da wani abu kamar Chocolatey, shi kuma intanet yake so. Injina goma kowanne ya sauko da abu ɗaya, datar wata guda ta tafi. Sai da na ajiye kwafi a babbar kwamfutar suna ɗauka daga nan.

Wani zai ce duk wannan na manyan kamfanoni ne. To mu tuna UTME ta 2025. Ranar 14 ga Mayu shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya amsa cewa an samu kuskure a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas, ya shafi ɗalibai 379,997, aka ce su sake zama. Bayanin da aka bayar shi ne an yi wa manhajar gyara, amma gyaran bai isa wasu daga cikin manyan injinan ba. Wannan ba rikicin Ubuntu da CentOS ba ne, kuma ba ina cewa Puppet ce maganinsa ba. Amma dangin ciwon ɗaya ne: injinan da ake zaton halinsu ɗaya, ashe sun rabu, ba a lura ba sai da sakamako ya fito. Haka ya faru da kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ranar 1 ga Agustan 2012. Injina takwas, aka sabunta bakwai aka manta ɗaya, cikin kusan minti arba'in da biyar suka yi asarar sama da dala miliyan 400.

Abin da ya sa na dage a cibiyarmu shi ne ƙasa tana motsi a ƙarƙashinmu. CentOS 7 ta daina samun gyara tun 30 ga Yunin 2024. Windows 10 ta bi sahu ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma tsofaffin injinanmu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Mai cibiyar ba shi da kuɗin sababbi. Don haka ɗaya bayan ɗaya za su koma Linux, kuma wace Linux ɗin ma ya danganta da wadda tsohon inji zai iya ɗauka. Ni kuma in Allah ya sa na kare furojek ɗina, ba lallai ina nan ba.

Yanzu halin da ake so kowane inji ya kasance yana cikin fayiloli shida: asusun ɗalibi mara ikon girka komai, burauza, agogon da ya yi daidai da na babbar, adireshin da ake ɗaukar tambayoyi, da sauransu. Kwafi ɗaya a babbar, ɗaya a filashin mai cibiyar, ɗaya a wayata. Babbar ta koma Ubuntu, layukan sunaye kawai na taɓa. Makon jiya faifan inji na tara ya mutu, muka sa wani, wata ɗaliba 'yar aji biyu a Ramat Poly da ke koyon aiki wurinmu ta girka babbar manhaja ta saki Puppet, ni ina aji ban ma sani ba sai da na dawo. Firinta ce har yanzu ta gagare mu, direbanta a Windows kaɗai yake aiki, don haka inji ɗaya zai zauna a Windows 10 ba tare da intanet ba har a samu wata. Wanda ke da tsohuwar firinta mai jin Linux yana son sayarwa, ya yi mini magana ta inbox.