Daan taat: baƙon da gidan burodin unguwa ya mayar ɗan gida

Duk wanda ya leƙa gidan burodin Sinawa da sassafe a wata unguwa ta Hong Kong ko Guangzhou, zai tarar ana fito da faranti daga tanderu, jere da ƙananan ƙoƙuna na ɓawon fulawa, cikinsu haɗin ƙwai da madara da sukari mai ruwan ɗorawa, yana rawa in an girgiza shi. Mutanen wurin suna kiransa daan taat. Rabin farko na sunan ƙwai yake nufi a harshen Kanton, ɗaya rabin kuwa kalmar Turanci ce da bakin Sinawa ya lanƙwasa. Sunan kaɗai ya tona asalinsa. Duk da haka ana ajiye shi kusa da kek ɗin wata da ake ci a bikin tsakiyar kaka, ana kiran su duka kayan gargajiya. A ganina wannan kira daidai ne, kuma ƙananan gidajen gashi na unguwa ne suka sama masa wannan matsayi.

Kudancin Sin ƙasar shinkafa ce. In an kwaɓa fulawa, galibi turara ta ake yi a kwandon gora, kuma madarar shanu da manta ba sa cikin girkin yau da kullum. Amma daga 1757 zuwa 1842 Guangzhou ce kaɗai tashar da sarakunan Sin suka bar wa Turawa su yi ciniki, saboda haka masu girkin birnin sun daɗe suna ganin abincin baƙi. A wajen shekarun 1920 daan taat ya bayyana a shagunan birnin, an ɗauko shi daga wani gashin ƙwai da madara na mutanen Ingila. Abin lura shi ne yadda aka sarrafa shi. Man shanu yana da tsada, sai aka koma ga kitsen alade (wannan ya sa Musulmin da ke zuwa sari Guangzhou ya kamata ya tambaya kafin ya saya). Aka kuma yi amfani da tsohuwar dabarar Sinawa ta kwaɓi biyu, ɗaya na ruwa, ɗaya na mai, a naɗe wannan cikin wancan, a murza, a ninka, har ɓawon ya fito falle-falle yana zuba a hannu. Haɗin cikin ma an sassauta shi ya yi santsi, kusa da turararren ƙwai mai zaƙi da mutanen Kanton suka saba da shi tun da can.

A shekarun 1940 ya isa Hong Kong, inda ya fara a matsayin abincin masu hali. Bayan 1949 jama'a suka kwararo daga babban yankin Sin, masana'antu suka cika da ma'aikata masu neman abin taɓawa mai araha tsakanin aiki da aiki. Shagunan shayi da ake kira cha chaan teng da gidajen burodin lungu suka ɗauki wannan nauyi, madarar gwangwani kuma ta sauƙaƙa musu farashi. A nan ne daan taat ya sauko daga teburin manya ya shiga hannun ɗan dako da ɗan makaranta. Gidan Tai Cheong, wanda aka buɗe a 1954, ya shahara da ɓawo mai kama da biskit, har gwamnan Birtaniya na ƙarshe, Chris Patten, ya zama sanannen mai saye a wurin. Da tsadar haya ta rufe shagon a 2005, mutane suka yi dogon layi don sayen na bankwana, kuma shekarar ba ta ƙare ba sai da aka sake buɗe shi.

Mai ja zai ce abin da bai wuce shekara ɗari ba sosai, a ƙasar da ke ƙirga tarihinta da dubbai, bai isa a kira shi gargajiya ba, balle wanda ya biyo sawun 'yan mulkin mallaka da suka ƙwace Hong Kong da yaƙi a 1842. Ƙwacen gaskiya ne, ba kuma a shafe shi da zaƙin ƙwai. Sai dai barkono ma daga nahiyar Amurka ya isa Sin, ga shi yau ba a raba shi da girkin Sichuan. Kuma mutumin Ingila, wanda ya saba cin nasa a huce da barbaɗen gyaɗar ƙamshi, ba zai ce wannan mai zafi, mai kitsen alade, da ake korawa da shayi mai kauri, nasa ne ba. Siffar ce aka ara, sauran aikin na masu gashin Kanton ne.

Hujja mafi ƙarfi da mai ja zai kawo ita ce ta Makau. A 1989 wani Baturen Ingila, Andrew Stow, ya buɗe shago a tsibirin Coloane yana gasa irin na Fotugal mai ƙonannen sama, wanda ake sayarwa a Belém ta Lisbon tun 1837. Cikin shekara goma kamfanin KFC ya fara baza shi a Asiya. In farin jini ne ma'auni, ai wannan ma ya zama gargajiya ke nan. Bambancin yana cikin hanyar yaɗuwa: na Makau da sunan shago da kamfani ya yi tafiya, daan taat kuwa daga maigida zuwa yaron shago, shi ya sa yau ake samunsa a unguwannin Sinawa na Landan da San Francisco ba tare da kowa ya mallake shi ba. Lokacin da Hong Kong ta fitar da jerin al'adun gado 480 a 2014, abin da ta rubuta shi ne fasahar yin daan taat, wato murzawa da ninkawa da sanin lokacin da za a cire faranti kafin ƙwan ya kumbura ya tsage, kuma wannan a gaban tanderu ake koyonsa, a shagon da mai shi ke iya biyan haya.